Ƙyacci

Inna ta hana mu ƙyacci tun muna yara a Funtuwa,
wai ɗan mutunci ba ya kaɗa harshe gaban manya.
Yau ga ni a Newcastle, furfura ta ci gemu,
ana ba ni fam goma da kuɗin mota
don in yi shi sau ɗari kafin azahar.

Shekara sha tara na ja tasi a garin nan.
Na san Byker, na san Fenham, har lungun da ruwa ke kwana.
Sai ido ya fara kwashe kayansa daga gefe,
kaɗan-kaɗan, kamar ɗan haya mai gudun bashi.
Ran da na farga, ɗaki ya zama wayam.

Ɗakin da suke kai ni, bangonsa duk soso ne.
In ka saki magana, ta tafi ke nan,
ba ya maido wa kowa komai.
Dokta Heslop ta kafa faranti a kan sanda,
ta ce, "Tanimu, dama ko hagu?"
Ƙyat. Shiru.
Ƙyat. Shiru.
Mako uku ina canki-canka.
An ce makaho ya rasa ido, ya ce ido wari gare shi;
ni da na rasa nawa, sai aka ce in laluba cikin baki.

Wata Laraba, ina ɗauke da mura da gajiya,
na kaɗa harshe, sai wani abu ya amsa.
Ba ƙara ba ce. Nauyi ne,
irin na wanda ya tsaya kusa da kai a sahu,
kafaɗarsa ba ta taɓa ka ba, amma ka san ya zo.
Na ce, "Hagu. Kuma ya fi na jiya faɗi."
Na ji alƙalaminta ya tsaya.

Daga baya suka tura ni cikin na'ura mai rurin injin niƙa.
Ta ce inda ido ya bari kango a ƙwaƙwalwata
kunne ya shiga, ya share, ya yi shimfiɗa.
Na ce, madalla, ashe an sami sabon ɗan haya.

A bencin jira nakan tarar da Norman,
tsohon mai walda daga tashar jiragen ruwa ta Wallsend.
Shekara talatin gyare na kuka a kunnensa, ba rani ba damina.
Sun maƙala masa wata 'yar na'ura mai zubo yayyafi
don gyaren ya ji kunya, ya rage murya.
Ya taɓa sa min ita.
Ruwan Agusta na ji a kan kwanon ɗakin Inna,
har na manta shayina ya huce.
Ya ce shi shiru yake nema.
Ban gaya masa ba, ni shirun ne ya kusa kashe ni.

Sandata tana nan, ban yar ba, ba ni da wauta.
Bakin titi bai san amsa-kuwwa ba,
iska kuma in ta taso daga kogin Tyne
takan ƙwace min gari sukutum.
Amma jiya, Rumasa'u ta kamo hannuna za ta ja,
na ce, sake ni, 'yar nan.
Ƙyat: turken fitila.
Ƙyat: motar kaya, an ajiye ta a karkace.
Ƙyat: ƙofa a buɗe, ciki da zurfi, mai yiwuwa shagon burodi.
Wannan kam hanci ya taya ni.

Jemagun da muka harba da danƙo a bishiyar maɗaci,
ina neman afuwa, ashe malamai ne.
Inna, ke ma ki yafe.
Ɗanki ya tsufa yana ƙyacci a tsakiyar titi,
gaban manya da yara,
bango kuma yana amsa masa.